Ƙwallon Tebur da Ƙwallon Murfin Kwalba: Matsalar Tattarawa da Adanawa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani abu wanda masu ilmi ba su cika ɗaga kai su dube shi ba, watau wasan ƙwallon ƙafa irin wanda ake yi da yatsu a kan tebur ko a kan daɓe, da kuma al'adar nan ta tattara tsofaffin kayansa ana ajiyewa. A ƙasashen Turai wannan al'ada ta yi ƙarfi ƙwarai, har ta zama tana da masananta da dillalanta, da kuma 'yan damfararta. A ƙasar Hausa kuwa, in aka tambayi magidanci ko ya ajiye murfin kwalbar da ya yi wasa da shi yana yaro, sai ya ɗauka ba'a ake yi masa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa wasannin nan biyu dangin juna ne, amma hanyar da aka bi aka adana ɗaya ba za ta yi wa ɗayan amfani ba. An ɗauki ƙasar Buji, cikin masarautar Dutse, a matsayin misalin wurin da aikin yake jiran mai yi.

Asalin ƙwallon tebur a Turai

Tun da ƙwallon ƙafa ta bunƙasa a Ingila ake ta neman dabarar shigo da ita cikin ɗaki. Akwai teburin nan mai sanduna, wanda ake murza 'yan wasa a jikin ƙarfe. Wani Bature mai suna Harold Thornton ya sami rajistar irinsa a Ingila cikin 1923. Shi ne Faransawa suke kira babi-fut, kuma an fi ganinsa a bakin titi a ƙasashen da Faransa ta mulka. A Jamus kuma, cikin 1924, Edwin Mieg ya fara ƙera Tipp-Kick, wanda ake danna wa ɗan wasa wani maɓalli a ka sai ƙafarsa ta harba ƙwallo. Waɗannan biyu sai a ambace su a wuce, domin wanda ya fi jan hankalin masu tattarawa shi ne Subbuteo.

Mutumin da ya ƙago shi, Peter Adolph, mazaunin wani ƙauye ne da ake kira Langton Green a lardin Kent, kuma mai sha'awar tsuntsaye ne. Ba shi ne farkon mai wannan dabara ba, gama tun 1929 wani William Keeling ya fito da mai kama da shi a Libaful, mai suna Newfooty. Adolph ya yi tallar nasa a wata mujallar yara cikin 1946, kayan suka fara fita cikin 1947. Ya so ya raɗa masa sunan wani ƙaramin shaho, wanda a Turanci sunansa ya zo ɗaya da kalmar da ke nufin abin da mutum yake yi don sha'awa. Hukumar rajista ta ƙi yarda, sai ya ɗauko sunan tsuntsun na Latin. Shi wannan shaho, in sanyi ya shigo Turai, Afirka yake yo ƙaura.

Abin da ya kamata a lura da shi sosai shi ne irin kayan da ke cikin kwalin farko. An fito daga yaƙin duniya na biyu ke nan, kome yana wuya a Ingila. 'Yan wasan da kwali aka yanka su, aka kafa kowanne a kan maɓallin riga, aka sa masa 'yar dalma don ya yi nauyi, in an harba shi ya tangaɗa ya dawo tsaye. Turakun raga na waya ne, ragar kuwa takarda. Fili ma babu. Sai dai a ba yaro guntun alli, a ce ya nemi tsohon bargon soja ya shimfiɗa ya zana filinsa da kansa. Duk wanda ya taɓa ganin yara a gindin bango a Dutse ko Birnin Kudu suna zana fili da gawayi zai gane cewa tazarar da ke tsakaninsu da yaron Ingila na 1947 ba ta da yawa.

Daga baya ne hanya ta rabu. Cikin 1961 aka fara zuba 'yan wasan da roba, da siffar mutum sosai, ana yi musu fenti da hannu. Mata ne a gidajensu a Kent suke yawancin wannan aiki, ana biyansu gwargwadon abin da suka fenta. A ƙarshen shekarun 1960 Adolph ya sayar wa kamfanin Waddingtons da sana'ar, aka yi gasar duniya ta farko a Landan cikin 1970, aka kuma dinga fitar da ƙungiyoyi ɗaruruwa, kowacce da launin rigarta da lambarta a jikin kwali. Cikin 1994 kamfanin Hasbro na Amurka ya saye Waddingtons, sa'an nan cikin shekara ta 2000 ya ba da sanarwar zai daina yin wasan, saboda yara sun koma wasannin kwamfuta. Mutane suka yi ca, har ya sake shawara. Galibin masu neman tsofaffin kayan nan kuwa su ne yaran jiya, waɗanda suka girma suka sami abin hannu.

Me mai tattarawa yake dubawa? Da farko lambar da ke jikin kwali, ya gwada ta da ta cikin kundin tallar kamfani na shekarar. Sai irin ɗan wasan: akwai masu nauyi na shekarun 1960 da 1970, waɗanda aka fi so, akwai wasu na ƙarshen shekarun 1970 da aka sauƙaƙa siffarsu don inji ya iya fenta su, waɗanda jama'a suka ƙi har suka yi musu laƙabi da gawa mai tafiya, akwai marasa nauyi na bayansu. Yakan duba ko an taɓa karya ƙafar ɗan wasa aka liƙe da gam, abin da yake yawan faruwa tun da a durƙushe ake wasan, gwiwa takan hau kan mutum. Yakan kuma yi hattara da maha'inta, masu ɗaukar ƙungiyar da ta cika kasuwa su sake mata fenti ta koma kamar wadda ba a samu. Duk wannan ilmi ya yiwu ne domin akwai masana'anta, akwai lamba, akwai kundi, akwai kwali. Amma akwai abin mamaki a cikinsa. Kayan da ya fi kowanne daraja a wurinsu shi ne wanda ba a taɓa buɗewa ba, watau wanda babu yaron da ya taɓa jin daɗinsa. Mai irin wannan ajiya ya adana haja, wasan kuwa ya kuɓuce masa.

Na ƙasar Hausa

Murfin kwalba mai haƙora, wani Ba'amurke ne mai suna William Painter ya ƙago shi a Baltimore cikin 1892. Na farko haƙoransa 24 ne, na yanzu 21. Kamfanin Nigerian Bottling Company an kafa shi cikin 1951, kuma da lemon kwalba ya yaɗu a garuruwa sai murfinsa ya zama abin da ake takawa a bakin kowane kanti da kowane gidan biki. Yara ba su bar shi ya tafi a banza ba. Daga Gana har Nijeriya an san wannan wasa, kuma yaran kudu sukan kira shi kanta, sunan da suka aro daga Turanci.

Yadda ake yinsa ba ɓoyayye ba ne. Yara biyu za su sami daɓe mai santsi, ko barandar makaranta, ko ƙasa mai tauri su share. Kowa ya jera murafansa, galibi iri ɗaya don a bambanta ƙungiya da ƙungiya, launin lemon ya zama launin riga ke nan. A yanka kwalin sukari ko na ashana a yi raga. Mai tsaron gida yakan zama wani abu da ya fi sauran girma ko nauyi. Ƙwallo kuwa ko ɗan maɓalli, ko dutsen ado, ko takardar da aka murza ta dunƙule. Sai a riƙa harba murfi da yatsa ya bugi ƙwallo, kowa da layinsa. Wannan shi ne ainihin dabarar Adolph, ba tare da an biya ko anini ba.

To, a nan matsalar take. Kayan da ba a saya ba, ba a ajiye shi. Murfi yakan yi tsatsa da damina ɗaya, kwali gara ta cinye, abin da ya rage uwa ta share ta zuba a juji. Ba lamba, ba kundi, ba kamfanin da za a rubuta wa takarda a tambaye shi. Ko da wani ya tara murafa goma sha ɗaya ya sa a akwatin gilashi a gidan tarihi, mai kallo shara kawai zai gani. Abin da ya mai da su ƙungiya yana cikin kan yaron da ya jera su da kuma bakinsa.

Alal misali, a ɗauki sunaye. Yara sukan raɗa wa kowane murfi sunan ɗan wasa, wani lokaci su rubuta a 'yar takarda su cusa a ciki. Daga sunayen nan kaɗai ana iya gane zamanin ƙungiya, kamar yadda Bature yake ganewa daga lambar kwali. Wanda ya yi yarinta lokacin da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa cikin 1978, ko lokacin da Green Eagles ta doke Aljeriya da ci 3 ba ko ɗaya a Ikko cikin 1980 ta ɗauki kofin Afirka, sunayen da ke bakinsa su ne irin su Odegbami da Muda Lawal da Chukwu, kuma yawanci a rediyo ya ji su bai taɓa ganin fuskokinsu ba. Na bayansa ya zo da Yekini da Kanu. Na bayan wannan kuma, wanda ya tashi da gidajen kallon ƙwallo, sai a tarar rabin murafansa 'yan Sifen ne ko 'yan Ingila, sai fa in ya tuna da Ahmed Musa da Kano Pillars. Wanda ya bi wannan jeri a gari guda zai iya nuna lokacin da hankalin yaran garin ya tashi daga ƙwallon gida ya koma ta waje. Wannan tarihi ne sosai, kuma ba ya cikin fayil ɗin kowace ma'aikata.

Sa'an nan ga harshe, wanda shi ya fi shafar ɗaliban Hausa. Yaro ba ya wannan wasa shiru. Yana harbawa yana sharhi, yana kwaikwayon mai gabatarwa, yana yi wa murfinsa kirari, yana zolayar abokin karawarsa. A nan ne kalmomin ƙwallo iri biyu suke haɗuwa. Gidajen rediyo sun yi ƙoƙari sun ƙirƙiro mai tsaron gida, da bugun kusurwa, da bugun tazara, da satar gida, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, da alƙalin wasa. Filin unguwa kuwa yana da gola, da kwana, da firikik, da ofsaid, da fenariti, da rafali. Tsohuwar kalmar nan tamaula ma tana nan ba ta mutu ba. Wacce yaro yake ɗauka in yana gardama da abokinsa, wacce kuma yake ɗauka in ya canza murya ya zama ɗan rediyo? Kwamitocin daidaita kalmomi sun sha zama a Kano da Zariya da Sakkwato, amma ba safai akan koma a ji abin da ya kama a bakin ƙananan yara ba, alhali kuwa su ne masu yanke hukuncin ƙarshe a kan kowace sabuwar kalma.

Dalilin da ya sa aka yi sakaci

Ba a ce masana Hausa sun ƙyale wasanni ba. Dara ta shiga ƙamus tun na Bargery na 1934, ta shiga karin magana, har akan ce dara ta ci gida. Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara a farkon shekarun 1970, kuma littafin Zaman Hausawa ya taɓo fannin. Langa da carabke da tashe duk sun sami masu rubuta su, ɗalibai kuma suna ta yin kundayen digiri a kansu. Sai dai an saba raba abubuwa gida biyu, na gargajiya da na zamani, kuma ƙwallon murfin kwalba ba ta da ɗaki a ko ɗaya. Mai nazarin gargajiya yana ganin baƙuwa ce, tun da ƙwallo ta Turawa ce kwalba ma tasu ce. Ma'aikatar wasanni kuma tana ganin shiririta ce, ba ta da kofi ba ta da kasafi. Wannan rabo ba shi da tushe mai ƙarfi. Abin da yaran Hausawa suka yi shekaru da dama suna yi da Hausa, da dokokin da suka tsara wa kansu, ya zama nasu, kamar yadda shayi da burodi suka zama na mai shayi.

Ƙasar Barazil ta nuna abin da kan faru in aka sami mai kula. Can ma yara da maɓallan riga suka fara, wasu da ɓawon kwakwa ko gilashin agogo. Cikin 1930 wani mai suna Geraldo Décourt ya buga dokokin wasan a ɗan littafi. Daga nan aka sami ƙungiyoyi da gasa, har hukumar wasanni ta ƙasar ta amince da shi cikin 1988. Rubutun ne ya riƙe shi. A Ingila kuma Iona da Peter Opie sun tattara bayanin wasannin titi daga bakin yara fiye da 10,000, suka buga cikin 1969, a daidai lokacin da manya suke cewa talabijin ta kashe wasa. Hausa ma tana da irin wannan gado. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga daga 1911 zuwa 1913 malamai ne suka rubuto su da ajami, kuma a zamaninsu da yawa sun ɗauki tatsuniya hirar mata da yara ce kawai.

Buji

Ƙaramar hukumar Buji, mai hedkwata a Gantsa, maƙwabciyar Birnin Kudu ce, kuma ƙasar manoma ce. Dalilin zaɓenta shi ne abu biyu sun haɗu a irin wannan wuri. Abin da birni ya yar, karkara takan riƙe shi na ɗan lokaci. Kuma inda lemon kwalba bai wadata kamar Kano ba, dole yaro ya nemi madadi, madadin nan kuwa shi ne abin da mai bincike zai fi so ya gani. An san gwanintar yaran karkara wajen ƙera mota da kara da yin shanu da yumɓu. Sai a bincika a ji da me suka yi raga, da me suka yi ƙwallo, ko tsakuwa da 'ya'yan tsamiya sun taɓa tsayawa a madadin murfi, da kuma ko dokokin dara sun ratso cikin wannan wasa, tun da a inuwa ɗaya ake yin su, manya a gefe yara a gefe.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ake nufi da kaya ba tare da magana ba. Zanen shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ya tsira domin a kan dutse yake, kuma Bernard Fagg ya yi nazarin duwatsun nan masu amo a wurin cikin 1955. Amma sunan da masu zanen suka ba shanunsu, da abin da suke faɗa suna zanawa, duk sun tafi tare da su. Ƙwallon murfin kwalba akasin haka take: kayan ne suke ɓacewa, masu maganar kuwa suna nan da ransu. Da yawansu yanzu malaman makaranta ne da ma'aikatan sakatariya a Dutse, masu shekara arba'in zuwa sittin. Sai dai lokaci yana tafiya. Robar lemo tana korar kwalba, wayar hannu da gidajen wasan kwamfuta suna janye yaran da dā suke durƙushe a baranda.

Aikin ba ya cin kuɗi mai yawa, amma yana da ƙa'ida. Ba a tsintar murfi a juji a ce an tattara. Ƙungiya ake karɓa cikakkiya, daga hannun wanda ya haɗa ta, da ragarta da ƙwallonta, bayan an ɗauki hotonta a jere yadda yake jera ta. A rubuta gari da unguwa da rana da shekarun mai ita, da sunan kowane murfi da matsayinsa. A nemi iznin iyaye da na mai unguwa. A ɗauki muryar wasa guda tun daga farko har ƙarshe, har da gardamar, domin a cikin gardama ne dokoki suke fitowa: sau nawa mutum zai harba kafin layi ya koma kan abokinsa, me ake yi in ƙwallo ta faɗa cikin murfi, wa yake da ikon cewa an ci, yaya ake tashi. Kada mai bincike ya gyara wa yaro kalma, ko ya mai da fenariti bugun daga kai sai mai tsaron gida a wajen rubutawa. Kuma a yi hankali da kuɗi. In aka ji cewa wani baƙo yana sayen murafa, kafin kasuwa ta zagayo za a kawo masa buhu, da ƙungiyoyin da aka haɗa jiya da dare dominsa. Gara a yi musaya da littafin rubutu ko ƙwallo ta gaske.

Ga manya kuma hanya dabam ce. Ba a tambayar mutum ya ba da labarin wasan a zaune a ofis, domin zai taƙaita shi cikin jimla uku. A zuba masa murafa a gabansa a ce ya jera. Hannu yakan tuna abin da baki ya manta, kuma in aka haɗa tsara biyu da suka yi firamare ɗaya, gardamar da suka bari shekara talatin da suka wuce za ta tashi nan take.

Batun inda za a ajiye ba shi da wuya. Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta 1991, tana da jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, ga kuma Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta daɗe da sanin yadda ake adana murya. Murafan a goge su a busar, a sa kowace ƙungiya a mazubinta dabam inda laima ba ta kai, kwalin kuwa a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Muryar da rubutun a yi musu kwafi biyu a wurare biyu, a kuma mayar da ɗaya makarantar garin da aka ɗauko. Lokacin da ya fi dacewa a fita shi ne bayan kaka, sa'ad da aka gama aikin gona, ƙasa ta bushe, yara suka sami sarari da yamma.